Ramin Yaya Bai Wuce Taƙi Ɗaya Ba

Leburori Gafiya suke kiran yayana, don duk filin da ya shiga sai ya bar rami. Shekara ashirin da shida aikinsa ke nan: idan aka cike wuri da ƙasa za a yi gini, shi ake kira ya duba ko cikon ya dannu. Yakan durƙusa ya haƙa rami zurfin taƙi ɗaya, ya kwashe ƙasar a leda ya ɗora a sikeli, sannan ya kifa tulun yashi mai mazurari a bakin ramin har ya cika. Da nauyin ƙasar da na yashin da ramin ya sha yake gane ko rola, motar danne ƙasa, ta yi aikinta.

"Gafiya, a gida ma sai ka auna abinci kafin ka ci?" in ji wani direban rola mai tumbi.

"Da kai ma kana aunawa, da kujerar nan ta huta."

Ƙa'idar ciko, shimfiɗa-shimfiɗa ake yi. A zuba kaɗan, a danne, ya gwada, sannan a ƙara. Lokacin da maigidana ya kwanta ciwon ajali, ana cike wani tsohon kududdufi. Yaya ya bar aiki kwana tara yana taya ni jinya, shi ke juya shi, shi ke goge masa jiki. Bayan rasuwar ya koma, ya tarar an cike wurin fal, sama sumul kamar tafin hannu. Ya haƙa rami shida, duk suka nuna ƙasa ta dannu. Bai yi ƙarya ba, ya sa hannu. Sai da bene hawa uku ya tsaya direban nan ya gaya masa a kwana uku tifofi suka juye ƙasar gaba ɗaya, saman kawai aka bi da rola.

Ya je wajen injiniya, aka zaro masa takardar da ya sa wa hannu. Ya je wajen mai gidan, aka ce tsufa ne ke damunsa. Daga nan ya ajiye aiki.

Bara 'yarsa ta fari da mijinta da yaransu suka kama haya a ƙasan benen, don kusa yake da wajen aikin mijin. Na raka Yaya wajenta makon jiya. Ta gama goge ɗaki, na ga ruwan duk ya gangara ya taru a lungu ɗaya. An fere ƙasan ƙofa don ta rufu, katakon sabo fari. Gefen taga bango ya tsage, Yaya ya yi wa bakin tsagar alama da fensir har sau huɗu, kowace alama tsagar ta wuce ta.

"Ku tashi daga gidan nan," ya ce.

"Mu koma ina, Baba? Gwaggo, ki yi masa magana. Kullum fensir, kullum bango, har maƙwabta sun fara dariya."

"To ba ni yaran."

"Makarantarsu fa? Kuma ba kai ka gwada wurin ba? Ni a duniya ban san wanda ya fi ka tsoron Allah a kan aiki ba."

Ya dube ni. Bai taɓa gaya mata inda yake a kwana taran nan ba, don kada maganar ta faɗo kaina. Ni ma ban faɗa ba, Allah Ya yafe mini. Na dai ja carbina.

Can ya ce, "To a ba ni wurin tabarma a falo."

"Baba, kana da ɗakinka fa."

"In benen zai sauka, ya sauka ina ciki."

Ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Ranar Talata na taya shi ɗaure kayansa.