Faifan Japan a Gidan Makoki

'Yar ƙanena, wadda aka haifa nan unguwarmu ta Hindawiyya a ƙasar Larabawa, ta ce Hausa wuya gare ta. Ka yi mata magana tana ji sarai, amma amsar da Larabci za ta dawo maka. Sai ga shi wannan yarinyar ta yi odar faifan wasu mawaƙan Japan, samari masu rinannen gashi kamar zakaru, masu dukan jita kamar ta yi musu laifi. Kafin wata ya mutu ta haddace waƙoƙin kakaf, har da inda mai waƙar yake jan numfashi. Ta kuma koyi gaisuwarsu, a sunkuya daga ƙugu, hannu a cinya. Ni gwaggonta kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa durƙusa mini ba. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Halas, ya Gwaggo," wato ya isa haka, ta mayar da abin sauraronta kunne.

Da tsohuwarmu ta rasu, matan Hausawa na unguwar Sa'alaba suka cika falo zaman makoki. Wata dattijuwa ta kamo hannun yarinyar ta ce, "Ya haƙuri, jikalle?" Amsar da ko ɗan yaye ya sani ta gagare ta. Ta yi tsaye ƙiƙam, can sai ta sunkuya daga ƙugu, hannu a cinya.

Dattijuwar ta juyo gare ni. "Bayanta ke ciwo?"

Na ce, "A'a, Hajiya, baya lafiya lau. Bakin ne aka binne tare da kakarta."