Wayar da Yaya ya sayo a Jankara

Shekarar da wayar hannu ta shigo Legas, yayana, mai sayar da albasa a Mile 12, ya sayo tsohuwar waya a kasuwar Jankara har da layinta a ciki. Bai iya karatun boko ba, ni ma a lokacin ban iya ba. Saƙonnin da ke ciki mu duka zane muke gani. Ashe ta wani ɗan kasuwa ce da 'yan fashi suka kashe a Ojota.

Ɗan sandan da ya bi sawun layin har gidanmu a Agege Bahaushe ne, sabon dawowa daga kwas ɗin binciken kwamfuta da waya, kuma wannan ne aikinsa na farko. Ya tafi da Yaya ofishinsu, ya buɗe wayar, ya karanto saƙonnin mamacin ɗaya bayan ɗaya, yana waiwayen ogansa ko zai yaba.

Yaya ya ce saye ya yi. Ranar kisan kuma yana kwance a ɗakin Inna da zazzaɓi, a tambaye ta.

Yaya ɗan fari ne. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, ko ta dube shi a gaban mutane. "Wancan" take cewa. Abincinsa ma ta hannuna yake bi.

Aka kawo Inna ofishin, ina biye da ita, ɗaki cike da maza. Ɗan sandan ya ce, "Mama, wannan ɗanki ne? Faɗi sunansa."

Inna ta ja mayafi, ta juya wa Yaya baya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kunyar ɗan fari ce, kai ma ka sani. Ni ka tambaye ni!"

"Ke aka kira? Wayar nan ta yi magana, uwarsa ta ƙi."

Na ce, "Uwarka tana kiran sunan yayanka?"

Ya yi murmushi, ya juya wajen ogansa, wanda ba ya jin Hausa, ya yi masa Turanci. Daga baya wani masinja ya fassara mini: uwar ta ƙi shaidarsa. Wallahi ya san abin da ya gani. A nono ya sha al'adar nan kamar mu.

Yaya ya ce, "Inna, don Allah." Inna ta ƙara jan mayafi, ba ta juyo ba.

Aka kai shi gidan yari jiran shari'a. Tari ya kama shi, shari'ar ba ta zo ba.

Shi kuwa ɗan sandan ya yi ta hawa. Bayan na shiga makarantar manya, na gan shi a jarida yana koya wa ƙananan 'yan sanda yadda ake tono abin da aka goge a waya. Na karanta har ƙarshe, da yatsa, ina haɗa baƙi.

Ranar da aka ba mu gawar Yaya daga gidan yari, Inna ta yaye ƙyallen da aka rufe shi da shi, ta kira sunansa da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Babu ɗan sanda ko ɗaya a wurin.