Kyandir Biyar a Kasuwar Manila

Kowace Juma'a Sabel mai kyandir takan hango wata doguwar Bayahudiya daga nesa tana jan ƙafa, sanye da kwat mai kauri duk zafin garin nan. Da alama daga Turai ta tsero, yaƙi ya sake ritsawa da ita a nan. Kyandir biyar take saye, wai a al'adarsu kowane ɗan gida da ke raye da nasa. Amma kullum ita kaɗai ce.

Yau wasiƙa ce a hannunta, duk ta cukuikuye.

"Madam, an samu labarin iyalinki?" in ji Sabel.

Matar ta gyaɗa kai, idanunta a bushe.

"To, nawa zan naɗe miki?"

"Biyar ɗin dai, 'yar'uwa. Takarda ce ta ce sun mutu. Ni ban binne kowa ba."