Sarkin Fayil da Mutumin da Ya Koma Gida da Baya

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, aka bugo waya daga asibiti cewa Allah Ya yi maka rasuwa. Sakatariya ce ta ɗauka. Ta juya ta dubi ƙofar ɗakin ajiye takardu, muka gane.

Shekara ashirin da shida ka yi a ɗakin nan mai taga ɗaya, shi ya sa muke ce maka Sarkin Fayil. Kai kuma kana ce mini Malam Ƙamus, don ni ne mai rubuta wasiƙun ofis, kuma ba a taɓa kama ni ina amfani da kalma ɗaya a inda uku za su shiga ba. Na karanta littattafai da yawa a kan hikimar ɗan Adam. Ban zaci zan same ta a bayan injin kwafe takardu ba.

Injin nan ya fi ɓata takarda fiye da kwafe ta. Duk wadda ya lalata sai ka tsince, ka yanka ta gida takwas da almakashi, ka jera hamsin-hamsin, ka ɗaure gefe ɗaya da roba. Wata rana lokacin cin abinci ka kira mu, ka riƙe ɗauri ɗaya, ka saki takardun da babban yatsa. Sai ga wani ɗan mutum na biro ya buɗe ƙofa, ya fito, ya gyara hula, ya kama tafiya. Mu bakwai muka tsaya baki buɗe. Direba ya karɓa ya leƙa bayan takardun, ko akwai batir.

Daga nan ka kafa doka. Kowa a ofis zai karɓi ɗauri ɗaya ya ci gaba da tafiyar mutumin daga inda na gabansa ya tsaya. Ba a cewa ba a iya ba. Direba ya tsallaka da shi titi. Mai shara, wadda ta ce rabonta da fensir tun firamare, ta sa iska ta ɗauke masa hula, ya bi ta da gudu. Mai gadi ya haɗa shi da kare. Har Darakta, wanda ya shigo da niyyar faɗa, ya fita da ɗauri a aljihu, ya dawo da ruwan sama mai kama da ƙusoshi. Ka yaba masa, ka ce ruwan manya ke nan.

Na ga yadda kake koyarwa. Za ka manna takarda biyu a gilashin taga, haske ya nuna zanen ƙasa, ka ce a matsar da ƙafa kaɗan, kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Mutanen da suka shekara goma gaisuwa kawai ke haɗa su, sai ga su kafaɗa da kafaɗa a taga, suna gardamar yadda gwiwa ke lanƙwasa.

Ɗauri na goma sha ɗaya nawa ne, na sha biyu naka, da shi za ka rufe. Nawa ya yi wata bakwai a durowa. Kullum ka wuce sai ka ce, "Malam Ƙamus, mutumin nan fa yana tsaye a ruwan Darakta." Ni kuma in ce ina nazari. Ina cikin nazarin aka kwantar da kai, likita ya ce wa iyalinka abin da ya ce. Sai na gane idan ba ka ga ƙarshen tafiyar nan ba, ni na hana ka.

Kwana huɗu na yi ina zane. Na kai maka asibiti ina ji da kaina. Ka saki takardun, sai ga mutumin yana tafiya da baya, ruwa yana hawa sama. Ka sha faɗa cewa daga takardar ƙasa ake farawa a yo sama. Ni mai karatu na fara daga shafin farko, yadda littafi mai mutunci yake farawa.

Na ce zan sake. Ka yi dariya har robar ƙarin ruwa tana rawa a hannunka. Ka ce, "Kar ka taɓa. Mutum goma sun yi ta tura shi gaba, kai kaɗai ka tuna yana da gida."

Ka nemi biro. A kan tiren abincin asibiti ka zana ɗaurinka, ba hamsin ba, sha huɗu kawai ƙarfinka ya kai. Hannunka yana rawa, layukan suna karkata, amma da aka saki takardun, rawar nan ta sa mutumin ya zama kamar yana numfashi. Da baya ya ci gaba da tafiya har bakin ƙofar da ya fito. Ƙofa ta buɗe, wani hannu ya miƙo, ya kama shi, ya shigar da shi. Na sha karanta yadda masu fasaha ke gyara kuskure. Ban taɓa ganin wanda ya karɓi kuskuren wani ya yi masa masauki ba sai kai.

Bayan kwana uku da rasuwarka muka kai wa maiɗakinka ɗaurin duka goma sha biyu a kwalin takarda. Mai shara ta nuna mata yadda ake riƙewa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta yi murmushi a wurin kare. Da ta zo na ƙarshe ta sake shi sau uku, sannan ta tsaya a takarda ta goma sha biyu, ta ɗora hannunta kusa da zanen. Ƙaramin yatsanta a lanƙwashe yake, tun wata karaya ta ƙuruciya. Haka na zanen yake. Mu da muka kalle shi sau ɗari ba mu lura ba.

Ta ce, "Malam, shekara talatin ina ce masa ya daina cika mini gida da guntayen takarda." Ta mayar da robar a hankali. "Wannan ɗaya ku bar mini."

Mun bar mata. Sauran sha ɗayan suna kan tagarka, kuma jiya na ga Darakta yana tsince takarda a bayan injin.

Ya Allah Ka gafarta wa bawanKa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka buɗe masa ƙofar rahamarKa, Ka karɓe shi. Ina miƙa ta'aziyyata da ta dukkan abokan aiki ga maiɗakinsa, da 'ya'yansa huɗu, da ƙannensa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Mu kuma da ke kan hanya, Allah Ya mayar da mu gida lafiya. Amin.