Ranar da Na Mai da Bawa Ubangiji

Na yi yawo a duniya gwargwadon hali. Na ɗauko goro daga Gwanja, na zauna Ikko da Lakwaja, na taka har Makka a ƙasa. Amma abin da ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah, a nan Sakkwato ya faru, 'yan shekaru bayan zuwan Nasara.

Akwai wani tsoho da ke kwana gindin gawo wajen Ƙofar Dundaye. Bawa ne a da. Ubangijinsa ya bi masu hijira gabas, ya bar shi ba gida, ba dangi. Ga kurkunu ya kama masa ƙafa, ga damina ta kawo kai. Muna jefa masa sadaka mu wuce, har da ni. Sai wani kafinta Bayarabe, Kirista, mai yi wa Turawan bariki ƙofofi, ya goya shi ya kai rumfar aikinsa, ya kafa masa gado.

Ni nake jin Yarbanci a unguwar, don haka wata safiya kafintan ya kira ni. Na tarar da shi durƙushe, ƙafar tsohon a cinyarsa, yana naɗe kurkunun a jikin tsinke a hankali. Ya ce in nuna masa alƙibla, yana so ya share wa Baba wurin salla. Na yi tsaye ina kallonsa. A Lakwaja na ga 'yan mishan suna ciyar da mutane, amma sai an zauna an yi musu waƙa. A hanyar Makka na ga gidajen baƙi, amma Musulmi ke yi wa Musulmi. Wannan na rasa inda zan aje shi.

Ba a jima ba magana ta kai ga mai unguwa cewa ana so a juya wa tsoho addini. Ya kira kafinta da tsohon zaure, ni ne tafinta. Ya ce in bai gamsu ba, yau tsoho zai koma gindin gawonsa. Hadari kuwa ya haɗu a gabas.

"Alhaji, tambaye shi. Mi ya haɗa shi da wanga tsoho? Ɗan'uwanai na?"

Kafinta ya ba da amsa doguwa. Abin da na kama shi ne, in ya wanke ƙafar tsohon nan, ƙafar Oluwa ya wanke. A Yarbanci kalmar nan tana nufin Allah, tana kuma nufin mai mallakar mutum, daidai da ubangiji a wurinmu. In na ce yana nufin Allah, to ya haɗa Allah da ɗan Adam, zauren zai kama da wuta. In na ce mai mallaka, na yi ƙarya a gaban shugaba. Kuma gaskiyar magana ban san wanne yake nufi ba. Sai na ji bakina ya ce, "Ranka shi daɗe, ya ce tsohon ga ubangijinai na."

Sai tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har da tari.

"Ni? Tun ban da gemu ake kirana bawa, yau na wayi gari da bawa mai takalmi! Kai kafinta, yaushe na saye ka?"

Kafinta bai ji ba, ya dai ga ana dariya, ya rusuna ya ce da guntuwar Hausarsa, "Baba, sannu, sannu."

Mai unguwa ya dubi tsohon. "Bar wasa, Baba. Ya taɓa ce maka ka bar salla?"

"Shi da ke cika mini buta? Har damuna yake in na makara."

Mai unguwa ya shafa gemu, ya dube ni, ya dubi hadari. "Alhaji, ko kai ba ka ji Yarbanci ba, ko ni ban ji Hausa ba. Amma ban taɓa raba bawa da ubangijinai ba. Ku tashi tun ruwa bai sauko ba."

Kafinta ya sake goya tsohon. A hanya na tsare kafintan da tambaya, wanne ubangijin yake nufi? Ya ce a addininsu, wanda suke bauta wa ya ɗauki abin da aka yi wa maras gida kamar shi aka yi wa. Na ce to tsohon ne ko ba shi ba ne? Ya ce, "Alhaji, riƙe masa ƙafar nan kada ta bugi bango."

Na riƙe. Tsohon ya yi damina biyu a rumfar, ya rasu da kalmar shahada, mu muka yi masa sutura, kafinta yana tsaye nesa da hula a hannu.

Har yau ban san ko fassara na yi a zauren nan ko kuskure ba. Ina nan kan addinina, ban kuma gane nasa ba. Abin da na koya dai, harsuna biyar da nake taƙama da su ba su ɗaga tsohon nan daga gindin gawo ba. In maganar mutum ta ɗaure maka kai, dubi abin da hannunsa ke yi, sa'an nan ka dubi naka.