Yaya Rifkatu da Takardun Soja

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rifkatu, amma har yau idan na bi ta unguwar Romi sai na rage tafiya a ƙofar gidanta.

Bayan mijinta ya rasu, daga ita sai karensa, Soja, a gidan nan. Da ciwon ƙoda ya matsa mata, 'yarta Ladi, mai aikin jinya a Turai, ta samo mata biza don ta je a duba ta. Yaya ta ce za ta je, amma da Soja.

Na ce, "Haba Yaya, kare ne fa. Ki bar mini shi."

Ta ce, "Ayuba, ran da aka binne Baban Ladi, ni da shi ne kawai muka kasa cin abinci."

Ni na yi ta zirga-zirgar. Likitan dabbobi a Sabon Tasha ya yi masa allurar rigakafin haukan kare, ya ba mu takarda. Da muka kai takardar ofishin da ke ba da izinin tafiya da dabba, aka ce doka ta canza: sai an fara dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, don haka allurar farko ta tashi a banza. Muka sake. Sai kuma aka ce a aika jininsa waje a gwada, a jira watanni. Ladi na kuka a waya, Yaya na cewa saura kaɗan. Ƙafafunta suka kumbura. Ta cika a asibiti, sakamakon jinin bai iso ba.

Yau an ce ta intanet ake cike komai, wasu ƙasashen ma sun ƙara tsanantawa. Nakan tambayi kaina me za ta ce. Ba na jin za ta zagi kowa. Tana yarinya ta ga yadda cizon mahaukacin kare ya kashe wani manomi a ƙauyenmu. Ta taɓa ce mini masu dokar suna da gaskiya, ita ce dai ba ta da lokaci. Ni ne na daɗe ina jin haushi: na dokar, na karen, har da nata.

Soja ya ƙare kwanakinsa a gidana. Wata Kirsimeti Ladi ta zo ɗaure da zanen mahaifiyarta. Lokacin Soja ya tsufa, ba ya gani sosai. Ya yi mata gurnani, sannan ya sansana zanen, ya kwantar da kai a kan ƙafarta. Ladi, wadda ta rantse ba za ta taɓa kallonsa ba, ta zauna a ƙasa ta rungume shi. Ranar na daina cewa taurin kai ne ya kashe yayata.