Mun Je Ganin Giwa Cikin Damina

Washegarin ƙaramar Sallah ta shekarar 2013, wadda ta faɗo cikin watan Agusta, na farka a gidanmu na unguwar Moshi Zango a Kumasi ban ji ƙaurin hayaƙi ba. Murhun Mma a mace yake, babbar tukunyar kokonta tana kife a jikin bango. Ana ɗan yayyafi, a bakin lungunmu kuma wata doguwar mota ta tsaya, mata suna ta shiga, kowacce sanye da yayi, wato atamfa iri ɗaya da ƙungiyarsu ta ɗinka don Sallah. Ina da shekara goma sha ɗaya, na rungume kwanon dokunu, wato dafaffen ƙullin masara, da soyayyen kifi da za mu ci a hanya. Kawu Idi, yayan Mma, yana zaune a rumfar mai shayi tare da mazan unguwa. Da ya hango mu sai ya ɗaga kofinsa ya ce, "In kun isa ku gaishe mini da ciyawa!" Rumfar ta ɗauki dariya. Mma ba ta ko waiwaya ba. Ta gyara mayafinta, ta kama hannuna, muka hau.

Tun da na yi wayo Mma koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida. Ni ce mai kai jiƙaƙƙen gero wurin niƙa bayan na taso daga makaranta, ni ce mai riƙe bakin ƙyalle idan tana tacewa, har yatsuna su yi fari su tattare. Da na samu sarari sai in sulale bayan gida mu yi ampe da ƙawayena, muna tsalle muna tafi, har in ji ta ƙwala mini kira, "Hawa! Waken nan shi zai surfe kansa?" Ma'aikatan da ke sammakon zuwa kasuwar Kejetia da makanikan unguwar Tafo duk a wurinta suke karyawa, kuma mai koko in ta yi fashin kwana biyu a ranakun aiki, sai ta dawo ta tarar masu sayenta sun koyi wata ƙofar. Haka sauran matan ƙungiyar suke, masu tuwo da masu wake da shinkafa da masu atamfa. A duk shekara kwana ukun Sallah ne kaɗai nasu, kuma a cikinsu ne suke ɗaukar mota su je tafkin Bosomtwe su shimfiɗa tabarma, su ci, su yi waƙa, su dawo.

A wannan shekarar Mma ta ce ta gaji da tafkin. Mahaifiyarta, wadda ta gangaro daga Nijar tana yarinya tare da fatake, ta sha ba ta labarin wata safiya da suka tsaya cak a hanya giwaye suka gifta, ƙasa tana motsi ƙarƙashin ƙafafunsu. Mma ta girma da wannan labarin, ta shayar da ni shi a bakin murhu, amma ita ba ta taɓa wuce iyakar Kumasi ta arewa ba. Da aka yi taron ƙungiya a tsakar gidanmu cikin azumi, bayan la'asar, sai ta miƙe ta ce bana a je babban gandun daji na arewa a ga giwa. Aka kira Kawu Idi a ji ta bakinsa, domin ya yi shekaru yana tuƙa motar albasa a wannan hanyar. Ya zauna a kan turmi ya yi musu bayani dalla-dalla. Ya ce namun daji da rani ake ganinsu, lokacin da ciyawa ta bushe ta kwanta, ƙananan ƙoramu suka ƙafe, ƙishirwa ta tattaro kowace dabba zuwa bakin tafki ɗaya. Da damina kuwa ruwa yana ko'ina, dabbobi sun watsu cikin daji, ciyawa ta fi mutum tsawo, hanya ta zama taɓo. "Ku bari sai rani," in ji shi. Ba zan yi masa ƙarya ba, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ga matan sun fara sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya, har Magajiya Azumi, shugabar ƙungiyar, ta ce to a bari ɗin.

Ni yarinya ce mai shiru, mai yawan kallon sama, wadda malamai ke cewa jikinta ne kawai a aji. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Na bar su na je zaure wurin Baba, inda yake karantar da yaran unguwa, na durƙusa na jira ya ɗago. Na tambaye shi yaushe Sallah za ta zo cikin rani. Ya yi murmushi ya ce rani da damina rana suke bi, Sallah kuwa wata take bi, kowace shekara tana ja da baya kaɗan-kaɗan. Ya ɗan yi lissafi da yatsunsa ya ce, "Kafin ta kai tsakiyar rani kin zama cikakkiyar mace, in da rai." Na koma tsakar gida. Ban san lokacin da na tsaya a tsakiyar manya na faɗi abin da Baba ya ce ba, da wata siririyar murya da ni kaina ban gane ta ba. Mma ta dubi yayanta ta ce, "Yaya, ka ji. Ranin da kake ba mu ba namu ba ne. Da rani ina bakin murhu. Wannan kwana ukun nake da su, kuma a cikinsu zan je." Magajiya ta ɗago kai ta ce a nemi mota.

Yini guda muka yi a hanya. Na ga dogayen itatuwan kudu suna raguwa, sama tana buɗewa, har ta yi faɗin da ban taɓa sanin tana da shi ba, domin a Zango tsakanin rufin kwano da rufin kwano muke ganinta. Muka kwana a wani ƙauye kusa da gandun, da safe wani ma'aikaci mai bindiga a kafaɗa ya shige gaba muka bi shi a ƙafa. Komai yadda Kawu ya faɗa muka same shi. Ciyawa ta rufe mu, raɓa ta jiƙa sabon yayin har ƙugu, taɓo ya cire wa Magajiya takalmi ɗaya, tsando ya yi ta cizonmu. Mun ga birai a kan reshe, mun ga mugun dawa ya ɗaga wutsiya ya ruga da 'ya'yansa, mun ga ƙahon wata dabba yana yawo saman ciyawa ba tare da mun ga mai ƙahon ba. Matan suka fara gunaguni, wata ta ce da tafkinmu muka je da yanzu muna cin kifi. Mma tana gaba, na lura da yadda ta damƙe bakin mayafinta.

Can sai ma'aikacin ya ɗaga hannu muka tsaya. Ya nuna ƙasa. Wani rami ne zagayayye a cikin taɓo, faɗinsa kamar faranti, ruwa yana tsattsafowa cikinsa a hankali, alamar ba a daɗe da taka wurin ba. Ya sa yatsa a leɓe, ya nuna kurmin da ke damanmu. Sai muka ji reshe ya karye, wani ya sake karyewa, sannan wani gurnani mai zurfi wanda a ciki na ji shi kafin ya iso kunne. Kan wata bishiya ya girgiza alhali babu iska. Mata cike da mota, waɗanda muryarsu ke keta hayaniyar Kejetia, suka yi tsit kamar a sahun salla. Mma ta tuɓe takalmi ta sa ƙafafunta biyu cikin sawun giwar, ta tsaya tana fuskantar kurmin, hawaye yana bin kuncinta. Mun daɗe a haka. Giwar ba ta fito ba. Hadari ya haɗo, ma'aikacin ya ce mu juya, muka juya cikin ruwa.

Da muka dawo, unguwa ta samu abin nishaɗi. Sai yaro ya zo sayen koko ya ce a ba shi da hauren giwa. Kawu ya tambayi Mma a gaban mutane, "To, kin gan ta?" Ta ci gaba da juya ƙosai ta ce, "Ban gan ta ba, Yaya. Na tsaya inda ta tsaya, na ji numfashinta. Kai da ka san lokaci, sau nawa ka sauka daga mota ka shiga?" Ya juya ya koma rumfar mai shayi. Ni kuwa har faɗa na yi a filin makaranta da wata da ta kira mu masu kallon ciyawa, kuma ban ba da haƙuri ba.

Bana ƙaramar Sallah ta faɗo cikin watan Maris, a tsakiyar ranin da aka ce mu jira. Na gama karatu ina aiki, ina iya ɗaukar mota ni kaɗai. Amma Magajiya Azumi ta rasu, wasu sun bi ta, wasu sun koma wurin 'ya'yansu a Ankara, babban birnin ƙasar, gwiwoyin Mma kuma ba sa iya hawa matakalar mota, balle tafiya cikin daji. Na zauna kusa da ita na ce ko in nemi ƙaramar mota mu gwada, tunda yanzu ne ake ganinsu. Ta yi dariya ta shafa kaina ta ce, "Ke je ki, Hawa. Ni na riga na je." Idan abokan aikina suka tambaye ni lokacin da ya fi dacewa a je kallon namun daji, ba na ɓoye musu, nakan ce da rani ne. Sannan in ce kada su bari kowa ya sa su jira shi. Mu da muka ƙi jira, dukkanmu muka je.